Ƙorafin Diflomasiyya a Kan Ƙwace Yanki da Ƙarfin Soja: Batun Kirimiya

Ƙorafin diflomasiyya shi ne sanarwar da wata gwamnati ke yi wa takwararta a hukumance cewa abin da ta aikata ya saɓa wa doka ko alkawari, kuma ba za a ɗauke shi halas ba. Yakan zo a rubuce, cikin takardar da ma'aikatar harkokin waje ke miƙa wa ofishin jakadanci. Yakan zo ta hanyar sammacin jakada a faɗa masa baki da baki, ko janye jakada, ko kai maganar gaban Majalisar Ɗinkin Duniya. Inda ya fi nauyi shi ne inda ƙasa ta tura soja ta karɓe yankin maƙwabciyarta, ta shelanta cewa ya zama nata, alhali ga sa hannunta nan a kan takardar da ta amince da iyakar. A wannan ƙarni, haɗe yankin Kirimiya da Rasha ta yi a watan Maris na 2014 shi ne misalin da ya tara dukan sassan batun wuri ɗaya.

Kirimiya tsibiri ne mai haɗe da tudu a arewacin Bahar Aswad, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 27,000, mutanensa sun haura miliyan 2. Daular Rasha ta haɗe shi a 1783, zamanin Sarauniya Katarina ta Biyu, bayan ta rusa masarautar Tatar da ke ƙarƙashin inuwar Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Tatar ɗin, waɗanda Musulmi ne, Stalin ya kwashe su gaba ɗaya a watan Mayu na 1944 ya jibge su a tsakiyar Asiya, galibi a Uzbekistan, kuma ba su sami damar komowa da yawa ba sai dab da rushewar Tarayyar Sobiyet. A 1954, zamanin Khrushchev, aka cire yankin daga jamhuriyar Rasha aka sa shi cikin jamhuriyar Yukiren. A lokacin abu ne na cikin gida, tun da ƙasar ɗaya ce. Ya zama batun ƙasa da ƙasa ne a 1991, da Tarayyar ta watse, iyakokin jamhuriyoyi suka koma iyakokin ƙasashe. A ƙuri'ar 'yancin kan Yukiren ta 1 ga Disamba 1991, kashi 54 cikin 100 na masu zaɓe a Kirimiya suka ce sun yarda, adadi mafi ƙanƙanta a duk ƙasar, amma dai rinjaye ne. Ƙidayar 2001 ta nuna kashi 58 na mazauna yankin Rashawa ne, kashi 24 'yan Yukiren, kashi 12 Tatar.

Rasha ta amince da wannan iyaka a rubuce, kuma sau da yawa. Sanarwar Alma-Ata ta Disamba 1991 ta ɗaure tsoffin jamhuriyoyin da mutunta iyakokin juna. Sai kuma takardar da ta fi kowacce suna, Yarjejeniyar Budafes ta 5 ga Disamba 1994. Yukiren ta gaji tarin makaman ƙare dangi da ya zama na uku a girma a duniya, kawunan nukiliya masu cin dogon zango kusan 1,900, kodayake makullin harba su yana Masko. Ta yarda ta miƙa su ga Rasha ta shiga yarjejeniyar hana bazuwar nukiliya. A madadin haka, Boris Yeltsin na Rasha da Bill Clinton na Amurka da John Major na Birtaniya suka sa hannu tare da Leonid Kuchma na Yukiren cewa za su mutunta 'yancin Yukiren da iyakokinta kamar yadda suke, ba za su yi mata barazana ko amfani da ƙarfi ba, ba za su matse ta ta hanyar tattalin arziki ba, kuma za su zauna su tattauna idan wata matsala ta taso game da waɗannan alkawura. Yukiren ta cika nata kason: makamin ƙarshe ya bar ƙasar a 1996. Abin lura shi ne babu inda takardar ta ce wani zai turo soja ya kare Yukiren, babu kuma hukuncin da ta tanadar wa wanda ya saɓa. Wannan giɓi shi ne ya bayyana a fili bayan shekara ashirin.

Akwai wasu takardun da suka fi ta ƙarfi a idon lauya, domin majalisun ƙasashen biyu sun tabbatar da su. Yarjejeniyar Abota da Haɗin Kai ta 31 ga Mayu 1997 ta ce kowace ƙasa ta amince ba za a taɓa iyakar ɗaya ba. A watan nan ne kuma aka raba rundunar ruwa ta Bahar Aswad, Rasha ta karɓi hayar sansanin Sebastofol na shekara 20, da iznin ajiye soja har 25,000, bisa sharaɗin su bi dokokin Yukiren kada su tsoma baki cikin harkokinta. A 2010 aka tsawaita hayar zuwa 2042 a madadin rangwamen kuɗin iskar gas. Mai biyan haya kuwa ya riga ya faɗi wane ne mai wuri. A 2003 Vladimir Putin da kansa ya sa hannu a yarjejeniyar iyakar tudu tsakanin ƙasashen biyu.

Abin da ya faru a 2014 ya gudana cikin sati uku. Shugaba Viktor Yanukovych ya ƙi sa hannu a yarjejeniyar hulɗa da Tarayyar Turai a Nuwamba 2013, jama'a suka cika dandalin Maidan a Kiyef, aka zubar da jini, ya tsere daga birnin, majalisa ta tsige shi ranar 22 ga Fabrairu. Da asubahin 27 ga wata, wasu mutane ɗauke da makamai, sanye da kakin soja marar tambari, suka kame ginin majalisar Kirimiya a Simferofol. A cikin ginin nan, da su a tsaye, aka naɗa Sergei Aksyonov firaministan yankin, mutumin da jam'iyyarsa ta sami kusan kashi 4 cikin 100 a zaɓen 2010. Aka kewaye barikokin Yukiren, aka tare filayen jirgin sama. Ranar 16 ga Maris aka yi ƙuri'ar raba gardama, hukumomin yankin suka ce sama da kashi 96 sun zaɓi Rasha. Takardar ƙuri'ar ba ta ba da zaɓin a bar al'amura yadda suke ba, majalisar Tatar kuma ta umarci mutanenta su ƙaurace. Ranar 18 ga Maris aka sa hannu a fadar Kremlin. Da fari Putin ya ce masu kakin 'yan sa kai ne na yankin. A watan Afrilu ya amsa cewa sojojin Rasha na bayansu, a wani fim na 2015 kuma ya faɗa da bakinsa cewa shi ya ba da umarnin.

Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Kiyef ba ta umarci sojojinta su yi harbi ba. Ba ta da ƙarfin yin hakan, kuma da yawa daga cikin dakarunta a yankin sun sauya sheƙa, har da kwamandan rundunar ruwa da aka naɗa kwana ɗaya kafin nan. Abin da ya rage mata shi ne takarda da murya. Ta kira wakilin ofishin jakadancin Rasha ta miƙa masa takardar ƙorafi, ta nemi zaman tattaunawa bisa Yarjejeniyar 1997, daga baya ta janye jakadanta daga Masko. Ta kuma nemi a yi zaman da Yarjejeniyar Budafes ta tanada. An yi shi a Faris ranar 5 ga Maris, John Kerry na Amurka da William Hague na Birtaniya suka zauna da ministan wajen Yukiren. Ministan wajen Rasha Sergei Lavrov yana cikin birnin a ranar, amma ya ƙi halarta. Da wannan ƙin zuwa, hanya ɗaya tilo da takardar ta shimfiɗa don warware saɓani ta toshe.

Maganar ta koma Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ranar 15 ga Maris aka gabatar da daftarin da ke cewa ƙuri'ar da za a yi washegari ba ta da inganci. Ƙasashe 13 suka goyi baya, ciki har da dukan ƙasashen Afirka uku da ke kwamitin a shekarar, Nijeriya da Chadi da Ruwanda. Sin ta ƙaurace, Rasha ta hau kujerar naƙi. An san haka za a yi tun kafin a shiga zauren. Manufar ita ce a nuna Rasha ita kaɗai ce. Daga nan aka tafi Babban Zauren Majalisar, inda babu kujerar naƙi, amma ƙudurinsa ba ya tilasta wa kowa. Ƙuduri mai lamba 68/262 na 27 ga Maris ya tabbatar da iyakokin Yukiren, ya ce ƙuri'ar ba ta da inganci, ya nemi ƙasashe kada su amince da kowane sauyi a matsayin Kirimiya. Ƙasashe 100 suka amince, 11 suka ƙi, 58 suka ƙaurace, wasu sama da 20 ba su jefa ƙuri'a ba. A cikin masu ƙin akwai Sudan da Zimbabuwe. Indiya da Birazil da Afirka ta Kudu suna cikin masu ƙauracewa. Ƙudurin bai ambaci sunan Rasha a matsayin mai laifi ba, kuma da gangan aka yi haka don a tara ƙuri'u.

Sauran matakan sun biyo a gurguje. Ƙasashe bakwai masu ƙarfin masana'antu suka fasa taron da za a yi a Sochi suka dakatar da Rasha daga ƙungiyar G8. NATO ta tsayar da ayyukan haɗin gwiwa. Majalisar dokokin Ƙungiyar Turai, wadda daban take da Tarayyar Turai, ta ƙwace wa wakilan Rasha damar jefa ƙuri'a. Amurka da Tarayyar Turai suka sa wa wasu jami'ai takunkumin tafiya da na kadara.

Rasha ba ta yi shiru ba, kuma amsoshinta sun cancanci a auna su. Ta ce abin da aka yi a Kiyef juyin mulki ne, halastaccen shugaba kuma ya nemi taimakonta. Jakadanta Vitaly Churkin ya ɗaga wasiƙar Yanukovych a Kwamitin Sulhu ranar 3 ga Maris. Gaskiya ne tsigewar ba ta bi dukan matakan tsarin mulki ba, amma ko shugaban da ke kan kujerarsa ba shi da ikon kyautar da yanki, domin sashe na 73 na tsarin mulkin Yukiren ya ce sai da ƙuri'ar ƙasa baki ɗaya. Putin ya kuma ce juyin juya hali ya haifar da sabuwar ƙasa wadda Rasha ba ta ƙulla komai da ita ba. Wannan ita ce hujja mafi rauni: yarjejeniya tana ɗaure ƙasa ne ko wace gwamnati ke mulki, kuma Masko ba ta daina neman bashin da take bin Kiyef ba. A 2016 Lavrov ya ce abin da Budafes ta hana kawai shi ne kai harin nukiliya, alhali sakin layi na farko da na biyu suna magana ne a kan iyaka da amfani da ƙarfi.

Hujjar da ta fi sauran cizo ita ce ta Kosobo. A 1999 NATO ta yi wa Yugosilabiya ruwan bama-bamai ba da iznin Kwamitin Sulhu ba, a 2008 Kosobo ta ɓalle ba da yardar Sabiya ba, ƙasashen Yamma suka amince da ita, a 2010 kuma Kotun Duniya ta ce shelar 'yancin ba ta saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa ba. Masko ta ce me ya sa abin da ya halasta a can ya haramta a nan. Bambancin yana nan: Kosobo ta sha kisan gilla da korar jama'a, ta yi shekara tara a hannun Majalisar Ɗinkin Duniya ana neman sulhu, kuma babu ƙasar da ta haɗe ta. Ra'ayin kotun da kansa ya ware shelar da aka yi ta sanadiyyar haramtaccen amfani da ƙarfi. Duk da haka, wanda ya ce Kosobo da mamayar Iraƙi ta 2003 ba su rage wa muryar Yamma ƙima ba, ya ƙi gaskiya ne. Shi ya sa ƙasashe da dama suka zaɓi ƙauracewa.

A nan ne tambayar da kowa ke yi take tasowa: mene ne amfanin takardar da ba ta fitar da soja ko ɗaya ba? Amsar tana cikin yadda doka ke kallon shiru. Masu zuwa kotunan shari'a a ƙasar Hausa sun san hukuncin hauzi a mazhabar Malikiyya: wanda yana nan, yana gani wani bare na noma gonarsa shekara goma, bai ce uffan ba kuma ba shi da uzuri, alƙali ba zai saurari ƙararsa ba. Dokar ƙasa da ƙasa tana da makamancin wannan. A shari'ar wurin bauta na Preah Vihear a 1962, Kotun Duniya ta ba Kambodiya gaskiya saboda Tailan ta karɓi taswirar da ta sa wurin a ɓangaren Kambodiya, ta yi shekaru da dama ba ta yi ƙorafi ba. A shari'ar Kamaru da Nijeriya ta 10 ga Oktoba 2002, Nijeriya ta kafa hujja da cewa ta daɗe tana gudanar da Darak da ƙauyukan da ke kewaye da shi a yankin Tafkin Chadi ba tare da Kamaru ta tanka ba. Kotun ta ce Kamaru ba ta sallama haƙƙinta ba, kuma zama a wuri ba ya rinjayar iyakar da takarda ta tabbatar. Saboda haka ma'aikatar wajen Yukiren take fitar da takardar ƙorafi duk lokacin da Putin ya kai ziyara Kirimiya, ko aka shirya zaɓen Rasha a can, ko aka ɗebi samarin yankin aikin soja. Mai karatu zai ga kamar ɓata tawada ne. Lauya kuwa ya san ana hana shiru ya zama yarda ne.

Wannan tunani bai daɗe a duniya ba. Har farkon ƙarni na 20, cin ƙasa da yaƙi hanya ce da doka ta yarda da ita ta mallakar yanki. Da ita Turawa suka raba Afirka. Sauyin ya faro da yarjejeniyar haramta yaƙi ta 1928. Da Japan ta mamaye Manchuriya, sakataren wajen Amurka Henry Stimson ya aika wa Tokiyo da gwamnatin Sin takarda ranar 7 ga Janairu 1932 cewa Amurka ba za ta amince da duk wani yanayi da aka samar ta hanyar saɓa wa waccan yarjejeniya ba. Majalisar Ƙasashe ta wancan zamani ta ɗauki wannan matsayi a watan Maris. Japan ta fice daga majalisar a 1933 ta ci gaba da abinta. Habasha ta fi shan wuya. Italiya, wadda ta ƙulla yarjejeniyar abota da ita a 1928, ta mamaye ta, ta shelanta haɗe ta ranar 9 ga Mayu 1936. Sarki Haile Selassie ya tsaya a Janiba ranar 30 ga Yuni ya kai kukansa, bayan 'yan kwanaki majalisar ta ɗage takunkumin da ta sa wa Italiya, a 1938 kuma Birtaniya da Faransa suka amince da mulkin Italiya a can. Da Hitila ya shiga Firag ranar 15 ga Maris 1939, kusan wata shida bayan Yarjejeniyar Munik, ƙasashen biyu sun aika da takardun ƙorafi, amma a lokacin ya riga ya san nauyin takardunsu.

Misalin da masu goyon bayan wannan hanya suka fi kafa hujja da shi shi ne na ƙasashen Baltik. Tarayyar Sobiyet ta haɗe Istoniya da Latbiya da Lituweniya a 1940, duk da yarjejeniyoyin zaman lafiya na 1920 da ta amince da 'yancinsu. Ranar 23 ga Yuli 1940 Sumner Welles na ma'aikatar wajen Amurka ya sanar da cewa Amurka ba ta amince ba, aka kuma riƙe wannan matsayi shekara 51. Wakilan ƙasashen uku suka ci gaba da aiki a Amurka ba tare da gwamnati a gida ba. Ƙorafin bai 'yantar da kowa ba; rushewar Sobiyet ce ta yi hakan. Amma da ranar ta zo a 1991, ƙasashen sun dawo ne a matsayin tsoffin ƙasashe da aka maido wa haƙƙi, da kadarorinsu da ke waje. Kuwaiti ta bi wata hanya dabam: Iraƙi ta haɗe ta a Agusta 1990, ƙuduri na 662 ya ce haɗewar ba ta da tushe, amma abin da ya fitar da sojojin Saddam Husaini a 1991 yaƙi ne. A Zirin Awuzu kuwa, Chadi ta yi shekaru tana ƙorafi a kan mamayar Libiya, ta yi yaƙi, sannan Kotun Duniya ta ba ta gaskiya a Fabrairu 1994 bisa yarjejeniyar Faransa da Libiya ta 1955, Libiya ta janye cikin 'yan watanni.

A yau ƙa'idar tana rubuce a wurare da dama. Sashe na 2(4) na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta amfani da ƙarfi a kan yankin wata ƙasa. Ƙuduri na 2625 na 1970 da na 3314 na 1974 sun ce ba za a amince da yankin da aka samu ta wannan hanya ba. Afirka tana da nata dalilin riƙo da ita: tun a taron Alƙahira na 1964 shugabanninta suka yarda a bar iyakokin da aka gada yadda suke, domin kusan babu iyaka a nahiyar da ba ta raba ƙabila ɗaya gida biyu ba. Idan yaren mazauna wuri ya zama hujjar tura soja, ƙasashen Afirka kaɗan ne za su kwana lafiya.

Rashin amincewa yana da tasiri a aikace, ko da bai kai na soja ba. Tarayyar Turai ta hana shigo da kayan Kirimiya a tsakiyar 2014, ta hana zuba jari a can a ƙarshen shekarar. Katunan Visa da Mastercard suka daina aiki a yankin. Jiragen saman ƙasashen waje suka daina sauka. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai ta hana ƙungiyoyin Kirimiya buga gasar Rasha. Har manyan kamfanonin Rasha suka riƙa kaffa-kaffa: Sberbank, banki mafi girma a ƙasar, bai buɗe harka a can ba sai 2023. A Disamba 2016 Babban Zauren ya kira Rasha ƙasa mai mamaya, wanda ke nufin dokokin Janiba na kare farar hula suna aiki a yankin. Wannan ya shafi Tatar kai tsaye, domin a shekarar ne aka haramta majalisarsu aka kuma ci gaba da kame masu fafutukarsu. A Yuni 2024 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta sami Rasha da laifin take haƙƙi iri-iri a yankin. Ƙasashen da suka fito suka amince da haɗewar ba su da yawa, irin su Siriya ta zamanin Bashar al-Assad da Koriya ta Arewa da Nikaraguwa. Sin ba ta amince ba, Turkiyya ma haka, duk da cinikin da ke tsakaninsu da Masko.

Sai dai masu ƙorafin sun riƙa warware da hagu abin da suka ƙulla da dama. A 2015, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haɗewar, kamfanonin Turai suka ƙulla yarjejeniyar shimfiɗa bututun gas na Nord Stream 2 daga Rasha zuwa Jamus. A 2018 duniya ta hallara a Rasha gasar cin kofin duniya, a shekarar da Putin ya buɗe gadar Kerch mai tsawon kilomita 19 da ta haɗa Kirimiya da Rasha. A 2019 aka maido wa wakilan Rasha damar ƙuri'a a majalisar Ƙungiyar Turai ba tare da an sauya komai a ƙasa ba. Amurka kuwa, wadda a Yuli 2018 ta fitar da sanarwa a kan Kirimiya tana kafa hujja da ta Welles, a Maris 2019 ta amince da mallakar Isra'ila a kan Tuddan Golan, yankin da ƙuduri na 497 na 1981 ya ce haɗe shi ba shi da tushe. A Disamba 2020 ta amince da ikon Maroko a kan Yammacin Sahara. Ƙa'idar rashin amincewa ba ta da 'yan sanda. Ƙarfinta yana cikin a riƙe ta a kan aboki kamar yadda ake riƙe ta a kan abokin gaba, kuma a nan ne manyan ƙasashe suka gaza.

Akwai wata asarar da ba ta tsaya a Yukiren ba. Ƙasa ta ajiye makaman nukiliya bisa alkawarin takarda, ɗaya daga cikin masu alkawarin ya ƙwace mata yanki, sauran biyun suka tsaya a ƙorafi da takunkumi. Duk mai neman shawo kan wata ƙasa ta bar shirin nukiliya yanzu sai ya amsa tambayar Budafes.

Ƙorafin 2014 bai hana abin da ya biyo baya ba. Yukiren ta bar Yarjejeniyar Abota ta ƙare a Afrilu 2019, amma ba ta yanke hulɗar jakadanci da Rasha ba sai ranar 24 ga Fabrairu 2022, da sojojin Rasha suka shiga ƙasar ta fuskoki da dama, ciki har da ta Kirimiya. Ranar 2 ga Maris ƙasashe 141 suka yi Allah wadai da harin. Da Rasha ta shelanta haɗe Donetsk da Luhansk da Zaporizhzhia da Kherson a ƙarshen Satumba, bayan ƙuri'u irin na Kirimiya, ƙasashe 143 suka ƙi amincewa ranar 12 ga Oktoba, 4 kacal suka tsaya da Masko. A takarda, matsayin duniya ya fi na 2014 ƙarfi. Amma ranar 24 ga Fabrairu 2025, da aka sake kawo ƙudurin da ke neman Rasha ta janye daga iyakokin Yukiren da duniya ta sani, masu goyon baya sun ragu zuwa 93, masu ƙauracewa 65, masu ƙi 18. A cikin masu ƙin akwai Rasha da Amurka, biyu daga cikin ƙasashe uku da suka yi wa Yukiren alkawari a Budafes.